KEKEN GURAGU MAI BATIRI: A BAR MAI ZAMA YA ZAƁA



Yau maganar keke za mu yi, keken guragu mai batiri, wanda wasu ke ce ma keken kuran. Mu da muke tafiya bisa keke ne muke magana, kuma tun farko muna shaida maku cewa zancen ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman masu kyauta da masu saidawa. Sai dai a yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku leƙa gidajen 'yan uwanmu da suka taɓa samun irin wannan keke. Sau da yawa abin da za ku tarar shi ne keke mai tsada, fentinsa ko gogewa bai yi ba, yana jingine bayan ɗaki, an aza mashi buhun hatsi ko an mai da shi wurin shanya. Mai shi kuwa yana bisa tabarma, ko ya koma tsohon kekensa na hannu da mai walda ya ƙera mashi. In kun tambaya, amsar ba ta wuce huɗu: batiri ya mutu, ko ba ya tafiya cikin rairai, ko bai shiga ƙofar gida, ko abin tuƙin ya ƙone kuma an rasa wani. Duk huɗun tushensu ɗaya ne: wanda zai zauna bisa keken ba shi ya zaɓe shi ba.

To wa ya zaɓa? Yaya ne da ke Libiya ko Saudiyya ko Faransa, ya ga bidiyo a TikTok, wani dattijo yana yawo da keke bisa shimfiɗaɗɗen daɓe mai sulɓi, sai tausayi ya kama shi ya aiko da irinsa. Ko ƙungiya ce ta kawo kwantena, aka kafa rumfa ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka watse. Ko kuma ɗan kasuwa ne ya yi oda daga Sin ko Dubai tare da fanka da salula, ya jera a bitik yana cewa ai wanga ba ya mutuwa. Cikin su ukun nan babu wanda ya taɓa yin awa ɗaya bisa keke cikin zafin watan Afrilu. Niyyar yaya mai kyau ce, ba mu musu. Amma ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Kuma kada a ce son rai ne ya sa muke faɗin haka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a 2006, Nijar ta shige ta tun 2008. Sashe na 20 nata yana magana ne kan zirga-zirgar mutum da kansa, ta hanyar da ya zaɓa, a lokacin da ya zaɓa, da kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. A cikin gida kuma muna da doka mai lamba 2019-62 ta watan Disambar 2019 kan shigar da naƙasassu cikin al'umma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 80 ne ke buƙatar keke a duniya, kuma tun 2008 ta fitar da ƙa'idojin yadda ake ba mutum keke a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. A 2023 ta sake jaddada matakai huɗu: a zaɓa tare da mai zama, a daidaita keken da jikinsa, a koya mashi aiki da shi, sannan a riƙa bibiya da gyara. Masu rabon keke a rumfa, wanne kuke yi cikin huɗun nan? Ku dai miƙawa kawai kuka sani, kuma miƙawa ba ta ma cikin lissafin.

Bari mu zayyana abubuwan da ya kamata a tambaya kafin a fitar da ko dala.

Na farko, jikin mutumin. Ba duk mai keke ba ne ke buƙatar mai batiri, kuma wannan mu da kanmu muke faɗi. Da yawa cikinmu shan inna ce ta taɓa mu tun ƙuruciya. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, magidanta ne da matan aure, kuma galibinsu hannuwansu da ƙarfi. Irin wannan mutum keke mai taya uku na hannu, ko moto mai taya uku, sau da yawa ya fi mashi amfani a hanyoyinmu. Amma akwai wanda hawan jini ya shanye mashi ɓarin jiki, hannu ɗaya kawai ke aiki. Akwai wanda haɗarin mota ko na kabu-kabu ya taɓa mashi laka daga wuya ko ƙirji. Akwai mai ciwon da ke cinye ƙarfin tsoka, akwai tsohuwar da kafaɗunta suka gaji da tura taya shekara talatin. Waɗannan, in babu keke mai batiri, to duniyarsu ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, sai in an sami mai turawa.

Ko an tabbatar mai batirin ne ya dace, sai an auna mutum kamar yadda tela ke aunawa: faɗin ƙugu, tsawon cinya, tsayin wurin aza ƙafa, tsayin majinginar baya, da hannun da zai riƙe abin tuƙi, dama ko hagu. Wurin zama in ya yi faɗi mutum ya karkace, in ya matse ya goge fata. Sai babban abin da kowa ke mantawa: matashin zama. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin zafin zama, sai fata ta mutu a ƙarƙashinsa bai sani ba, ta zama gyambo. Gyambon zama yana cin nama har ƙashi, yana kwantar da mutum watanni, kuma yana kisa. Kekuna masu araha da ɗan siririn soso suke zuwa, wanda ko wata biyu bai yi sai ya lafe. Don haka kafin kasuwa a fara da likita, wajen masu gashin ƙashi da masu haɗa kayan naƙasassu, kamar waɗanda ke manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram.

Na biyu, hanya. Yawancin kekunan da ake talla a intanet, masu naɗewa marasa nauyi, an ƙera su ne don cikin gida da manyan kantuna da filin jirgi. Tayoyin gabansu ƙanana ne, faɗin tafin hannu da ɗan wani abu. Ka sa wannan cikin rairan Tawa ko lungunan Ali Ɗan Sofo, taku goma ba zai yi ba zai nutse, tayoyin baya su yi ta tono, inji ya yi zafi, batiri ya zube. A Birnin Damagaram duwatsu ne da hawa da gangara. A Yamai da zarar ka sauka daga gudron zuwa cikin Talaje ko Bukoki labari ya canza. Wanda zai yi zirga-zirga a irin wuraren nan yana buƙatar keke mai manyan tayoyin baya masu faɗi, tayoyin gaba masu kauri, inji biyu masu ƙarfi, da ciki mai nisa da ƙasa. Taya mai iska ta fi taushi da iya rairai, amma ƙayar aduwa da ƙusa ba su barinta. Taya marar iska ba ta faci, sai dai tana jijjiga baya bisa pabe. Wanne ya fi? Mai zama ne ya san hanyar da yake bi kullum, shi zai faɗa.

Kuma duk abin da aka rubuta a takarda cewa keke na cin kilomita 20 ko 25 da caji ɗaya, ku sani bisa daɓe mai kyau aka gwada shi. A hanyarmu ku raba lissafin biyu, sai ku zauna lafiya. Gudunsa ma bai cika wuce kilomita 6 a awa ba, wato saurin mai tafiya a ƙasa da hanzari. Keke ne, ba moto ba ne. Ruwa kuma abokin gabansa ne. Wanda ya ga abin da damanar 2024 ta yi wa Maraɗi ya san yadda titi ke komawa gulbi cikin awa ɗaya, kuma abin tuƙi in ya sha ruwa sai dai wani.

Na uku, gida. Gidajenmu da zaure ake shiga, zauren kuma da kwana. Dokin ƙofa an ɗaga shi don kada ruwa ya shiga. Ƙofar makewayi da ƙyar mutum ɗaya ke wucewa. Keke mai batiri faɗinsa kan kai santimita 60 zuwa 65, yana son ƙofa mai faɗin santimita 80 ko fiye, da wurin juyawa. Nauyinsa kuma ba wasa ba ne: mai batirin dalma yakan haura kilo 50, wasu har kusan 100, ban da mai zama. Ba abin da yaro zai ɗaga ya tsallake dokin ƙofa da shi ba ne. Ƙa'idar gangara da aka sani ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Ke nan dakali mai tsayin santimita 20 yana son gangara mai tsawon mita 2 da santimita 40. Buhun siminti biyu ko uku da aikin magini na yini ɗaya sun isa. Amma sai ka ga an kashe jikka ɗaruruwa wajen keke, an kasa kashe wannan. A ɗauki ma'auni a auna zaure da ƙofa tun kafin a tura kuɗi.

Na huɗu, batiri da kuran. Nan ne yawancin kekuna ke mutuwa. Galibinsu da bolt 24 suke aiki, wato batiri biyu masu bolt 12 a haɗe. Batirin dalma, irin busasshen nan da ake kira jel, ya fi araha kuma an fi samunsa, amma yana da nauyi kuma ba ya shiri da zafi. Masu ƙera shi a digiri 25 suke auna rayuwarsa, kuma duk ƙarin digiri 10 tana raguwa da kusan rabi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu digiri 40 ƙaramin abu ne. Don haka batirin da zai yi shekara biyu a Turai, a nan kada ku yi mamaki in bai rufe shekara ba. Na litiyom ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi daɗewa, sai dai tsada, kuma ba a haɗa shi da cajar da ba tasa ba, don yana iya kama wuta. Batirin mota ba ya maye gurbin na keke, an yi shi ne don tada inji, ba don jan kaya awa da awanni ba. In za a canza, biyun ake canzawa tare. Kada a bar shi ya zube ƙarƙaf, kada a yi caji cikin rana ko ƙarƙashin tulin kaya. Wanda kuma aka aiko mashi da na hannu daga Amurka, ya duba cajar da kyau kafin ya soka, don can bolt 110 suke aiki da shi, mu 220.

Caji ɗaya kan ɗauki awa 6 zuwa 10. Kuɗin wutar ba shi da yawa: batiri mai bolt 24 da amfiya 20, abin da yake ɗauka bai cika rabin kilowat ba. Matsalar ita ce samun wutar. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a ƙasar nan, kuma masu shi ma sun san halin lokacin zafi. Ba mu manta Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a wancan lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa. Mai ƙafa ya yi fifita ya kwana waje. Mai keken batiri ƙafafunsa aka ɗauke. Shi ya sa muke cewa duk mai sayen wannan keke ya sa kuɗin pano na hasken rana cikin lissafi, tare da ma'aikacin da ya san haɗa shi, kuma kada a yar da keken hannu, ranar wahala yana da rana.

Na biyar, gyara. Mai saidawa, muna tambayarka gaban jama'a: in abin tuƙi ya ƙone kana da wani? Caja fa? Tayar gaba? Birki? Garanti wata nawa, kuma za ka rubuta a takarda? In amsarka ita ce sai an yi oda, to ba keke kake saidawa ba, jiran gawon shanu kake saida wa bayin Allah. Kuma mai saye ya tabbatar an nuna mashi ƙarfen da ake juyawa a saki inji, don ranar da batiri ya mutu tsakiyar hanya a iya tura shi da hannu. Da yawa ba a taɓa nuna masu ba.

Yanzu ga masu ja da mu, don mun san suna nan.

Wasu za su ce abin kyauta ba a raina shi, wanda aka ba ba ya zaɓe. Muna tambaya: in aka ba ka takalmi lamba 39 kai kuwa 44 kake sawa, godiya za ta sa ya shige ka? Za ka yi godiya, amma ƙafa ƙasa za ka tafi. Mu keke shi ne ƙafarmu. Wanda ya ba da keken da bai dace ba ya kashe kuɗinsa, mu kuma ya bar mu inda muke, har da ƙarin nauyin kunya, don in ka buɗe baki a ce ba ka da godiya. Mai neman lada na gaskiya ba ya jin haushi in an ce mashi ga yadda kyautarsa za ta yi amfani.

Wasu za su ce kuɗin keke ɗaya mai batiri ya sayi na hannu da yawa, me ya sa ba za a raba wa mutane da yawa ba? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi jikka 42 ne tun Janairun 2024. Mun yarda, wanda na hannu ya ishe shi a ba shi na hannu mai kyau. Amma matar da hannu ɗaya kawai ke mata aiki, in ka ba ta keken hannu goma ba ka ba ta komi ba. Kuma ku lissafa abin da ba a lissafawa: wa ke tura ta? Ɗiyarta ce 'yar shekara goma sha biyu, da aka cire daga lakwal. Ku tsaya a kowace mararraba a Yamai ko Maraɗi ku dubi wa ke bayan kekunanmu: yara ne, a lokacin da sa'o'insu ke aji. Keke mai batiri da ya dace mutum biyu yake 'yantawa, wanda ke zaune da wanda ke turawa.

Wasu kuma, su ne suka fi ba mu haushi, in sun ga gurgu bisa keke mai batiri sai su ce kai, wanga ai ya fi mu, me kuma yake nema? Wato sun fi son su gan mu muna jan gindi cikin turɓaya, don tausayinsu ya sami wurin sauka. To ku ji da kyau: wanda ya iya fita da kansa shi ke iya buɗe teburin caji, ya yi ɗinki, ya gyara salula, ya je aji, ya je sallar Juma'a, ta je suna da biki ba tare da ta roƙi kowa ba. Wanda sai an tura shi, lokacinsa a hannun wani yake, ko makewayi sai ya jira. Ku da kuke ƙorafin bara ta yi yawa a titi, ga hanyar rage ta nan kuna hararar ta.

Ga abin da muke nema, kuma ba abin da ya gagara a ciki.

Masu kyauta da 'yan uwa na waje: kafin ku saya ku kira mai zama, ku ji ta bakinsa. Ku ware kuɗin batiri na biyu, da matashi mai kyau, da gangara. In kuɗin bai kai ba, gara ku ba shi na hannu da aka auna da mai batiri da zai mutu kafin damana.

Ƙungiyoyi: ku bi ta hannun ƙungiyoyin naƙasassu na jihohi da tarayyarsu ta ƙasa, FNPH, su suka san wa ke buƙatar me. Kuma bayan wata shida ku dawo ku ƙirga nawa ke tafiya cikin waɗanda kuka raba. Wannan hoton shi muke son gani a Facebook.

'Yan kasuwa: duk wanda ya shigo da keke ya shigo da kayan gyaransa, kuma ya bar mai saye ya gwada shi a lungun gidansu, ba bisa simintin bitik ba.

Hukumomi: a sauƙaƙa kuɗin duwan kan batiri da kayan gyaran keke. A sa gyaran keken batiri cikin abin da ake koyarwa a cibiyoyin koyon sana'a, kuma a fara da matasanmu naƙasassu. Ƙasar da yaran Katako da Kasuwar Dole da babbar kasuwar Maraɗi ke farfaɗo da mataccen moto da salula, ba za a ce inji mai bolt 24 ya gagare su ba. Masu waldarmu da suka daɗe suna ƙera keke mai taya uku, wanda ya san rairai, a taimaka masu su aza mashi inji da batiri, da ƙa'ida da birki mai kyau.

Magadan gari da masu gini: ma'aikata, likita, banki, lakwal, tasha, masallaci, duk wanda ba shi da gangara ya rufe mana ƙofa ko da a buɗe take. Wasu gangarorin da ake yi ma, don cika ido, tsayuwarsu sai ka ce za a hau soro. Magudanan ruwa da aka bari a buɗe su ma a rufe su.

Mu kuma 'yan uwa masu keke, kada kunya ta hana mu magana. In aka kawo abin da bai dace ba, a yi godiya, sannan a ce bai dace ba, kuma ga dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Wanda ke da keken batiri da ya mutu a bayan ɗaki, ya faɗa mana garinsa da abin da ya kashe shi, batiri ne, taya ce, ko abin tuƙi. In mun tara lissafin, za mu san wane iri ne ke jure ƙasarmu da wanda ba ya jurewa, mu daina zuba kuɗi a rijiya. Wanda kuma ya san wani da ke shirin saye, ya tura mashi wannan tun kuɗin ba su bar hannunsa ba.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.